Wanda Ya Ɗauki Nauyin Mari

Daƙiƙa goma sha ɗaya ne tsawon bidiyon. A cikinsa ana ganin Tara, mai lamba tara, ɗan wasan gaban ƙwallon ƙafa da duk gari ke ji da shi, yana shigowa lungun da ke kaiwa ɗakin canja kaya, jesinsa jiƙe sharkaf. Ana ganin wani tsoho ya miƙa masa tawul. Sai mari. Tsohon ya dafa bango, tawul ɗin bai faɗi daga hannunsa ba.

Tsohon shi ne Baba Sito. Shekara ashirin da shida yana riƙe da siton kulob ɗin. Shi ke wanke jesi, shi ke hura ƙwallo, shi ke ɗaura ƙusoshin takalma. Kafin Asabar ɗin nan, ko masu sayar da tikiti ba duka suka san fuskarsa ba. Zuwa Laraba an kalli marinsa sau miliyan huɗu.

Abin da bidiyon bai nuna ba ya faru awa ɗaya kafin nan. An yi ruwa da safe, fili ya zama taɓo. Baba ya ɗaura wa kowa dogayen ƙusoshi masu kama ƙasa. Tara ya juya takalminsa ya duba, ya turo masa da ƙafa.

"Mayar min da gajeru, Baba. Waɗannan riƙe min ƙafa suke yi."

Baba ya ce fili zai ja shi. Tara ya ce shi ne zai yi gudun ko Baba? Aka yi dariya. Baba ya ɗauko sufana ya canja. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka ba su fenariti. Tara ya taho da gudu, ƙafar hagu ta zame, ƙwallo ta tafi can wajen masu sayar da ruwa. Daga baya wani abokin wasansa ya ci musu ɗaya da ƙyar, suka kai wasan ƙarshe. Mutum goma sha takwas ne suka ji maganar ƙusoshin a ɗakin nan, kuma har yau babu wanda ya tuna.

Ranar Laraba da safe Baba ya ja hularsa har gira, ya sa takunkumi, ya shiga bas. Bai yi nisa ba ya gane hirarsa ake yi.

"Ni fa ban ga laifin yaron ba," in ji wani mai ƙaton agogo a kujerar gaba. "Tsohon nan saye shi aka yi. Wa ya sani ko abokan hamayya ne suka sa shi ya kwance masa takalmi?"

"Ka ji tsoron Allah," in ji wata mata mai jakar kasuwa. "Sa'an ubanka ne fa."

"Ubana ba ya kwance wa mutane takalmi."

"Ku dai kwantar da hankalinku," in ji kwandasta. "Tara za a ci tara, shi ke nan, Asabar ya zuba mana biyu."

Bas ta ɗauki dariya. Wata ɗaliba da ke kusa da Baba ta ce, ba tare da ta ɗago daga wayarta ba, "Yau ƙarfe ɗaya zai ba da haƙuri. Ku sa ido. Baƙar riga zai sa, ya sunkuyar da kai, ya karanta takarda. Har wurin da zai share hawaye an rubuta masa."

Baba ya juya musu kunnensa na hagu. Tun ranar Asabar kunnen ba ya jin komai sai wani zuuu kamar na tsohon firij. Yau ne ya fara ganin amfaninsa.

A bakin filin wasa jama'a sun rabu biyu, 'yan sanda a tsakiya. Na dama suna ɗaga hoton Tara. Na hagu, waɗanda ba su kai rabinsu ba, suna ɗaga na Baba, an yanko daga bidiyon, bakinsa a karkace. Bai san wanne ya fi ba shi kunya ba. Ya bi ta ƙaramar ƙofar ma'aikata.

Ƙarfe goma aka kira shi ɗakin taro na sama, inda bai taɓa zama a kujera ba sai dai ya kawo saƙo. Mutum uku ya tarar. Ga Kakaki, mai magana da yawun kulob, waya biyu a hannu, idanunta sun yi ja. Ga Lauya, wanda bakinsa ya fi sakewa da Turanci. Ga Tara a can ƙarshen tebur. Baƙar riga ce a jikinsa.

"Sannu Baba, ya jiki?" in ji Kakaki. Ba ta jira amsa ba. "Bari in gaya maka yadda abin yake, ba ɓoye-ɓoye. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ƙarfe huɗu. In suka ga mari ne tsagwaronsa, wasa shida za su dakatar da shi, ba shi ba wasan ƙarshe. In kuwa suka ga saɓani ne tsakanin mutum biyu, kowa da nasa kuskuren, kuma an sasanta, gargaɗi kawai za su yi masa. Shi ya sa muke so ka zauna kusa da shi gaban 'yan jarida. Shi ya karanta tasa, kai ka karanta taka, ku gaisa, a ɗauki hoto."

"In ban karanta ba fa, 'yata?"

Kakaki ta dubi Lauya. Lauya ya dubi alƙalaminsa.

"Shugaban kulob ya ce yana so sito ya kasance a hannun wanda ke tare da kulob," ya ce. "Iyakar abin da ya ce ke nan."

Aka fara gwaji. Takardar Tara daga waje aka aiko ta, daga kamfanin da yake yi wa tallar takalma. Da Turanci ta zo, Kakaki ce ta juya ta. Tara ya riƙa karantawa kamar mai karanta lambar mota. Ya ce zuciyarsa a karye take. Ya ce wanda aka gani a bidiyon nan ba shi ba ne na gaskiya. Kakaki ta ce ya dakata a nan ya ƙirga uku a ransa. Ya dakata, leɓensa na motsi.

"Na ɗauki alhakin abin da ya faru," ya ci gaba.

"Tsaya," in ji Lauya. "Cire wannan."

"Wanne, Barista?"

"Alhaki. Kalmar ta yi tsauri. Duk wanda ya ce alhaki ya amsa laifi da bakinsa. Gobe wani ya ɗauki faifan ya kai kotu, me zan ce?"

"To me za a sa?"

"Nauyi. Na ɗauki nauyin abin da ya faru. Ma'ana ɗaya ce, amma wannan ba ta cizo."

Kakaki ta ɗan yi jim. "Barista, ɗaukar nauyi fa, yadda mutane ke jinsa..."

"Shekararki nawa kina aikin lauya?"

Ta soke kalmar, ta rubuta ɗayar a samanta.

Takardar Baba layi uku ce, an buga da manyan baƙaƙe. Ya ciro tabarau ya karanta a ransa, yana bi da yatsa. Ni ne na ɗaura masa ƙusoshin da ba su dace da filin ba. Alhakin wannan yana wuyana. Na yafe masa, ɗana ne.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ga irin kalmar nan a tawa takardar."

"Taka ba komai, Baba. Kai wa zai kai ka ƙara?"

Baba ya dubi Tara. Ya san ƙafar yaron nan fiye da yadda uwarsa ta san ta. Ya san ta hagu ta ɗara ta dama da kaɗan, shi ya sa yake ajiye masa safa biyu a takalmin dama. Tara bai ɗago ba. Yana ta jan allon wayarsa da babban yatsa, yana duba abin da ake faɗa a kansa.

Baba ya karanta layi ukun a fili. Kakaki ta ce ya yi kyau, sai dai ya ɗan ɗaga murya.

Sha biyu da rabi 'yarsa ta cikinsa ta same shi a sito yana linke jesi. Malamar asibiti ce, da fararen kayanta ta zo. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa Uwata yake ce mata. Ta ɗauki takardar daga kan injin wanki ta karanta a tsaye.

"Ba za ka karanta wannan ba."

"Zan karanta."

"Baba, dodon kunnenka fa ya fashe. Ni na duba da idona."

"Ɗayan yana aiki."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma, Uwata." Ya ɗora jesi mai lamba huɗu a kan mai lamba uku, ya daidaita gefensu. "In na bar nan ina za ni? In zauna ƙofar gida ina kallon motoci? Kuma mutanen da ke bakin ƙofar can sun san layinmu. Jiya ai kina nan dutse ya sauka a kan kwanon rufinmu."

"To daga gobe duk wanda ya zame a fili, kai ne. Har jikokinka za a riƙa nunawa." Ta girgiza takardar. "Shekara ashirin da shida, ka taɓa ba wani takalmin da ba daidai ba?"

"Sau ɗaya. Shekarata ta farko. Na ba mai tsaron gida na hagu biyu."

Ba ta yi dariya ba. Ya karɓi takardar daga hannunta, ya linke ta huɗu, ya sa a aljihu.

"Layi uku ne," ya ce. "Kafin ki yi atishawa na gama."

Ɗakin 'yan jarida ya cika har bakin ƙofa. An jera kyamarori a baya, an tara makirufo a kan tebur kamar kayan gwanjo. Tashoshi uku na watsawa kai tsaye. Aka zaunar da Baba a dama da Tara, kunnensa mai ciwo wajen yaron. Fitilu sun yi masa yawa. Ya hango farin kayan 'yarsa can jikin bango.

Tara ya sunkuyar da kai ya fara. Zuciyarsa a karye take. Wanda aka gani ba shi ba ne na gaskiya. Ya dakata, ya ƙirga ukunsa. Ɗakin ya yi tsit, har Kakaki ta fara sakin kafaɗa.

"Ina so kowa ya sani," in ji Tara, "ni ne na ɗauki nauyin abin da ya faru."

Wani ya tuntsire a layin baya, ya mayar da shi tari. Sai wani tsohon ɗan rediyo, mai muryar nan da kowa ya sani, ya ce a hankali, amma kusa da makirufonsa:

"Jama'a masu saurare, wannan mari ya zo muku ne da ɗaukar nauyin Lamba Tara."

Ɗakin ya fashe. Masu kyamara suna dariya hotuna na rawa. Wata 'yar jarida ta ɗaga hannu ta ce, "Tara, shirin na mako-mako ne, ko sau ɗaya za a yi?" Wani ya ce a tambaye shi ko yana neman abokin haɗin gwiwa. Wayoyin Kakaki duka biyu suka fara ƙara a tare. Ta dubi allon ɗaya, ta kife shi a kan tebur. Lauya ya matso yana tambayarta me ya faru, me aka faɗa, ai ma'ana ɗaya ce.

Jijiyar wuyan Tara ta tashi. Baba ya san wannan jijiyar, ya gan ta ranar Asabar. Yaron ya ture takardarsa gefe, saura layi biyar bai karanta ba.

"Ku yi ta dariya," ya ce. "Ai ga Baba nan. Shi zai gaya muku abin da ya jawo. Baba, karanta musu."

Dariyar ta lafa. Kyamarori suka juyo.

Baba ya ciro takardar ya warware. Ya sa tabarau.

"Ni ne na ɗaura masa ƙusoshin da ba su dace da filin ba," ya karanta.

Wannan bai yi masa wuya ba. Gaskiya ce, hannunsa ne ya riƙe sufanar. Ya ji ɗakin ya ja numfashi, ya ga alƙaluma sun fara gudu. Ya sa yatsa a kan layi na biyu.

Da safe a ɗakin sama ya faɗi kalmar alhakin nan lafiya lau, don a can gwaji ne. Nan kuwa da gaske ne. Shi a saninsa alhaki ba kalma ba ce da ake aro. Wanda ya ce yana wuyansa, to ya hau, kuma ba ya sauka don an kashe kyamara. An duba yaro mai shekara ashirin da huɗu, mai ƙirji kamar ƙofa, an ce ta fi ƙarfinsa. Shi ne aka miƙo wa.

Yatsansa ya tsaya a kan layin.

"Ci gaba, Baba," in ji Kakaki ƙasa-ƙasa.

Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar. Ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Tara.

"Yaro," ya ce, "da ka shigo ɗaki ranar Asabar, wane irin ƙusa ka tarar a takalminka?"

"Baba, ba a shirya tambayoyi ba," in ji Lauya.

"Ba da kai nake ba, ranka ya daɗe. Yaro, dogaye ka tarar ko gajeru?"

Tara ya dubi Lauya. Lauya ya girgiza kai. Ya dubi Kakaki, ita kuwa ta zuba wa tebur ido. Ya dubi ƙofa, inda 'yan wasa huɗu ko biyar suke tsaye suna leƙe. Kyaftin na cikinsu, ya harɗe hannu a ƙirji, bai kawar da kai ba.

Leɓen Tara ya motsa.

"Ta wannan kunnen kake magana," in ji Baba. "Tun Asabar ba ya ji. Ɗaga murya."

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Ana jin ƙarar fanka.

"Dogaye," in ji Tara.

"Wa ya ce a canja?"

Tara ya dubi takardar da ya ture gefe.

"Ni."

"To." Baba ya mayar da tabarau aljihu. "Ban ce ka ɗauki komai ba, nauyi ko wani abu. Da ka ji nauyina ranar nan, da ba mu zo nan ba. Maganar yafiya kuwa, ka san inda sito yake. Ba sai da waɗannan ba."

Ya nuna kyamarorin da haɓa, ya miƙe. Tambayoyi suka taso masa ta ko'ina kamar an buɗe famfo. Kakaki ta ja makirufo tana cewa taro ya ƙare, an gode, an gode. Ba a gaisa ba. Ba a ɗauki hoton ba.

Ya koma sito ya ci gaba da linki, 'yarsa na zaune a kan buhun ƙwallaye tana karanto masa abin da ke shigowa wayarta. Wasu sun ce tsoho ya yi maganin mai girman kai. Wasu sun ce ai dama sun faɗa, saye shi aka yi, ga shi ya ƙarasa aikin. An riga an haɗa muryar ɗan rediyon da bidiyon marin, an sa kiɗa. Wani ya rubuta sunan layinsu. Baba ya ce ta kira ƙannenta su kulle gida su tafi wajen gwaggonsu.

Ƙarfe biyar saura kwata hukunci ya fito. Wasa shida.

Ihun da ya tashi a bakin ƙofa har cikin sito aka ji shi. Wani abu ya daki ƙarfen ƙofar, sannan wani. Baba ya tsaya da jesi a hannu yana kallon ƙofar sito. Takun da ya ji a baranda na takalmi mai tsini ne. Kakaki ce, da ambulan.

"Hutu ne, Baba," ta ce, ba ta dube shi ba. "Har sai abin ya lafa. Haka aka rubuta."

"Na wata nawa?"

"Ba a sa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya gaya mata injin wanki na biyu yana yoyo, kada a cika shi. Ya ce jesin Asabar suna kan kanta ta sama, an jera su bisa lamba, na mai tsaron gida ne kawai bai bushe ba. Ta ciro waya tana rubutawa, sai ta tsaya.

"Na san kalmar nauyin nan ba daidai ba ce," ta ce. "Tun da safe na sani."

"Na ga kin sani."

Ya ɗauki butarsa da silifas ɗinsa da wata tsohuwar rigar ruwa, ya zuba a leda. A baranda mai gadi ya tare su yana haki. Ya ce jama'a sun ture shingen 'yan sanda, suna kiran sunan Baba, kuma ba don su gaishe shi ba.

'Yarsa ta gyara tsayuwa. "Ta gaba za mu fita. Ba ka yi wa kowa laifi ba. Su gan ka."

"Ta baya," in ji Baba. "Kunne ɗaya ya rage min."

Mai gadi ya kai su ta bayan ɗakin janareta, ya buɗe wata ƙofa da tsatsa ta ci, sai da ya sa kafaɗa. Ta ɓulla wani lungu mai kwata. Baba ya miƙa wa 'yarsa ledar, ya tattare bakin wandonsa, ya tsallaka.